John Vane: Baturen Da Ya Gano Yadda Asfirin Ke Kashe Ciwo Da Dalilin Da Ya Sa Yake Cin Ciki

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar nan da ta taso daga Lome, ta ratsa Atakpame da Blitta da Sokode da Kara, ta bi ta Mango da Dapaong har ta dangana da Sinkase a bakin iyakar Burkina Faso, ya san cewa hajar da ba ta taɓa yin kwantai a tashoshin wannan hanya ita ce ƙwayar maganin ciwon jiki. Direban tirelar da ya kwana a kan sitiyari, da ɗan dakon da ya wuni yana lodin doya da gawayi a Blitta, da mai rumfar da ta zauna tun hantsi har ƙugunta ya riƙe, kowa idan ya tashi sai ya nemi asfirin ko ibufurofen ko dikulofenak ya kora da ruwa. Kowa ya shaida suna aiki. Amma da za a tambayi mai sha ko mai sayarwa abin da ƙwayar ke yi bayan ta shiga ciki, da wuya a sami amsa.

Wannan ba abin kunya ba ne, domin su kansu likitocin Turai sun shafe shekara fiye da 70 suna rubuta wa marasa lafiya asfirin ba tare da sun san ta inda yake bi ba. Kamfanin Bayer na ƙasar Jamus ya fara sayar da shi tun 1899, amma sai a 1971 aka kwance ƙullin. Wanda ya kwance shi kuwa shi ne John Robert Vane, mutumin ƙasar Ingila, wanda za mu kawo tarihinsa a yau. Abin mamaki, Vane ko karatun likita bai yi ba.

An haife shi ranar 29 ga watan Maris, 1927, a wani ƙauye mai suna Tardebigge da ke gundumar Worcestershire, kuma shi ne auta cikin 'ya'ya 3. Mahaifinsa Maurice ɗan wasu baƙi ne da suka yi hijira daga Rasha, yana da ɗan ƙaramin kamfani na ƙera ɗakunan tafi-da-gidanka. Mahaifiyarsa Frances kuwa 'yar gidan manoma ce. A bayan garin Birmingham ya tashi, a can kuma ya yi makaranta.

Yana ɗan shekara 12 iyayensa suka ba shi kyautar Kirsimeti, wato akwatin kayan gwajin sinadarai irin na yara. Nan take ya mayar da kicin ɗin gidan wurin bincike, yana aiki da murhun gas ɗin girki, har ranar da wani haɗi ya fashe ya ɓata bangon da ba a daɗe da yi wa fenti ba. Da wani uban ne, da nan zancen ya ƙare, wataƙila ma da bulala. Shi kuwa Maurice sai ya kafa wa yaron ɗaki a bayan gida, ya sa masa teburi, ya jawo masa ruwa da gas, ya ce ya ci gaba a can.

Yaƙin Duniya na Biyu ya riske shi yana sakandare. An kwashe makarantar tasu zuwa ƙauye don gudun bama-baman Jamus, da aka ga shiru aka mayar da su gari a farkon 1940, daga nan ne kuma jiragen suka fara ruwan wuta. Darare da yawa shi da iyayensa a cikin ramin fakewa suka kwana.

A 1944 ya shiga Jami'ar Birmingham don karanta kemistiri, amma bai daɗe ba ya ji abin ya fita daga ransa. Yaron da ya saba gwaji don ya ga abin da zai faru, sai ga shi ana ba shi takarda ana cewa ya zuba kaza ya ƙara kaza, sakamakon ma an riga an san shi. Da ya kusa gamawa, Farfesa Maurice Stacey ya tambaye shi abin da yake son yi a gaba, ya nuna masa cewa komai ma zai yi in dai ba kemistiri ba ne. Ashe a daidai lokacin wata wasiƙa ta zo daga Farfesa Harold Burn na Jami'ar Oxford, yana neman matashin da ya san sinadarai don ya koya masa famakoloji, wato ilmin sanin yadda magani ke aiki a jiki. Vane ya amsa ba tare da jinkiri ba, sannan da ya fita daga ofishin ya zarce ɗakin karatu don ya duba ma'anar kalmar. A 1946 ya tafi Oxford.

Burn malami ne mai tsanani, kuma darasin da Vane ya riƙe daga wurinsa har tsufa shi ne kada mai bincike ya yi watsi da sakamakon da ya fito masa a baibai, domin sau da yawa a nan abin nema yake. A 1948 ya auri Daphne Page. Ya ɗan taɓa aiki a Jami'ar Sheffield, ya dawo Oxford ya sami digirin dakta a 1953 a ƙarƙashin Geoffrey Dawes, ya yi shekara 2 yana koyarwa a Jami'ar Yale ta Amurka, sannan a 1955 ya koma gida ya kama aiki a wata cibiyar bincike da ke Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Ingila a birnin Landan. A nan ya yi shekara 18, kuma a nan ya yi ayyukan da suka fito da sunansa.

Kafin mu kai ga asfirin, ya kamata mai karatu ya san irin kayan aikin mutumin nan, domin su ne sirrinsa. Jikin mutum yana sarrafa wasu sinadarai da ba su kai ƙwayar ƙura ba, suna aikinsu cikin daƙiƙoƙi su ɓace. Kafin a ɗebi jini a kai shi na'ura, abin da ake nema ya riga ya lalace. Sai Vane ya ce to bari naman jiki mai rai ya zama shi ne ma'auni. Yakan yanko siraran tsokoki, misali daga tumbin ɓera, da hanjin ɗan tsako, da babbar jijiyar jinin zomo, ya rataye su wani a ƙarƙashin wani, ya riƙa ɗiga musu jini ko ruwan da ya ratso wata gaɓa, yana gangarowa daga na sama zuwa na ƙasa. Kowace tsoka an ɗaura mata zare da ke motsa alƙalami a kan takarda. Wata takan tsuke idan wani sinadari ya taɓa ta, wata ta saki, wata kuma ko gezau.

Duk wanda ya taɓa ɗauko kaya daga Lome zuwa Sinkase zai gane wannan dabara. Tamkar jerin shingaye ne a kan hanya, na kwastan da na jandarma da na ma'aikatan gandun daji, kowane da irin kayan da idonsa ke kamawa. Idan ka ga shingen da ya tsayar da mota da wanda ya ɗaga mata hannu, ko ba ka buɗe tamfol ba ka san abin da ta ɗauko. A 1964 ya kammala tsara wannan hanya yadda za ta yi aiki da jinin dabba kai tsaye. Wasu masana na ganin tsohon yayi ne, tunda ga manyan na'urori sun fito. Amma a ganina wannan shi ne wayon Vane: ya gane cewa tsoka mai rai takan ji abin da ba a riga an raɗa wa suna ba, alhali na'ura sai abin da aka ce ta nema take nema.

Da wannan dabara ce shi da abokan aikinsa suka nuna cewa huhu ba numfashi kaɗai yake yi ba. Yana tace jini, yana kashe wasu sinadarai, wasu kuma yana tayar da su. A 1967 suka gano cewa a cikin huhu ne ake kunna sinadarin nan mai suna anjiyotensin, wanda ke tsuke jijiyoyi ya hau da jini. Ana cikin haka kuwa akwai wani matashi ɗan ƙasar Birazil a ɗakin binciken, Sergio Ferreira, wanda ya zo a tsakiyar shekarun 1960 ɗauke da wani abu da ya tace daga dafin macijin ƙasarsu mai suna jararaka, macijin da in ya sari mutum jininsa kan yi ƙasa warwas. Aka gwada, aka ga wannan abu yana toshe ma'aikacin da ke kunna anjiyotensin. Vane, wanda a lokacin yake ba kamfanin Squibb na Amurka shawara, ya dage sai sun bi wannan sawu. Daga nan masu binciken kamfanin, Miguel Ondetti da David Cushman, suka ƙera kaftofiril, wanda aka amince da shi a Amurka a 1981. Shi da ƙannensa irin su lisinofiril suna cikin magungunan hawan jinin da ake rubutawa a asibitocinmu. Akwai 'yan Birazil da suka daɗe suna ƙorafin cewa maciji nasu, ɗalibi nasu, amma riba ta tafi wani wuri. 'Yan kasuwa sun san wannan labari ba sai an faɗa ba.

Yanzu mu dawo kan ciwo da kumburi. Tun ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa (AS) wani marubucin Rum mai suna Celsus ya lissafa alamomin kumburi guda 4: ja, da tashi, da zafi, da raɗaɗi. Kowa ya san su, daga ɗan ƙaramin maruru har zuwa gwiwar da ta kumbura. Abin da ba a sani ba shi ne wane ne ke ba da umarni.

Ga yadda masana suka fahimci abin a yau. Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kowace kuma an lulluɓe ta da tantani. Wannan tantani da maiƙo aka saƙa shi, rufi biyu, kuma kowane ɗigon maiƙon yana da kai ɗaya da jela biyu. A cikin ƙwayar akwai wani ma'aikacin sinadari, irin waɗanda ake kira inzayim, mai suna fosfolifes, wanda aikinsa na almakashi ne. Muddin lafiya lau ake, yana nan kwance. Amma da zarar ƙaya ta soki mutum, ko ƙwayar cuta ta shiga, ko gaɓa ta gurɗe, sai fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, su ji a jikinsu, almakashin ya tashi ya je ya datse jela ta biyu daga maiƙon tantaninsu. Jelar da aka datse ita ake kira arakidonik. Masu jin Faransanci za su ji kamar sun san sunan, kuma ba su yi kuskure ba, tushensa ɗaya da kalmar da Faransawa ke kiran gyaɗa da ita, ko da yake ita gyaɗar ba ta ɗauke da shi, wani ɗan'uwansa ne aka fara samu a cikin manta.

Da wannan jela ta faɗo, sai inzayim na biyu, wanda masana ke taƙaita sunansa da COX, ya cafke ta ya lanƙwasa ta, ta zama furostagilandin. Shi ne ke buɗe ƙananan jijiyoyi jini ya kwararo, wurin ya yi ja ya ɗauki zafi. Shi ne ke taimakawa ruwa ya tsattsafo wurin ya tashi. Shi ne ke sa jijiyar jin ciwo ta zama mai saurin kuka, har ko riga ta taɓa wurin sai mutum ya zabura. Idan kuma a cikin ƙwaƙwalwa aka sarrafa shi, sai ya ɗaga ma'aunin zafin jiki, zazzaɓi ya rufe mutum. Jiki ba ya ajiye shi a rumbu, a take ake yin sa, a take kuma yake lalacewa. Ashe ke nan kayan haɗa ciwon suna jikin bangon ƙwayoyinmu tun fil azal, almakashi kawai suke jira. Dafin macizai da dama, har da kumurci, da harbin zuma, duk suna ɗauke da irin wannan almakashi, shi ya sa wurin sara ko harbi kan kumbura nan da nan.

Ba Vane ne ya gano furostagilandin ba. Ulf von Euler na ƙasar Suwidin ne ya raɗa masa suna a 1935 bayan ya same shi a cikin maniyyi, sannan Sune Bergstrom da ɗalibinsa Bengt Samuelsson suka gano siffarsa, kuma a 1964 aka tabbatar cewa daga arakidonik yake fitowa. Amma babu wanda ya haɗa wannan da ƙwayar asfirin da ke aljihun kowa.

A 1969 Vane da wata abokiyar aikinsa, Priscilla Piper, suna gwaji da huhun ɓeran Masar da aka tayar wa borin jini, sai suka ga jijiyar zomon da ke cikin jerin tsokokinsu ta tsuke saboda wani abu da ba su san shi ba, wanda kan ɓace cikin ɗan lokaci kaɗan. Da suka zuba asfirin a huhun, abin ya daina fitowa. Wannan shi ne irin sakamakon baibai da Burn ya gargaɗe shi kada ya zubar. Ya riƙe abin a ransa kusan shekara 2.

A wani ƙarshen mako cikin 1971 yana gida yana rubuta sharhi a kan ayyukansu na baya, sai tunani ya faɗo masa: shin ba hana jiki sarrafa furostagilandin asfirin yake yi ba? Ranar Litinin ya shiga ɗakin bincike ya gaya wa abokan aikinsa cewa yana jin ya gano bakin zaren, kuma ya yi gwajin da hannunsa. Ya niƙa huhun ɓeran Masar, ya rarraba a kwalabe, ya zuba arakidonik, wasu ya sa musu asfirin, wasu indometasin, wasu bai sa komai ba. Kwalaben da ba magani suka cika da furostagilandin. Waɗanda ke da magani kuwa, gwargwadon yawan maganin gwargwadon raguwar abin. Mofin, wanda shi ma maganin ciwo ne mai ƙarfi, bai hana komai ba, alamar cewa tasa hanyar daban ce. A watan Yuni na shekarar mujallar Nature New Biology ta buga sakamakon, tare da wasu rahotanni 2 daga sashen nasu: na Bryan Smith da Jim Willis a kan jinin mutum, da na Ferreira da Salvador Moncada da Vane a kan saifar kare. Duk bakinsu ɗaya.

A nan ne labarin ya shafi kowane mai shan waɗannan ƙwayoyi. Vane bai tsaya ga bayyana amfanin asfirin ba, ya nuna cewa illarsa ma daga wannan ƙofa take fitowa. Furostagilandin ɗin da ke kawo raɗaɗi a gwiwa, shi ne a cikin tumbi yake sa a yi majinar da ke shafe bango, ya rage ruwan tsami, ya kawo jini. Shi ne a ƙoda yake buɗe hanyar jini idan jiki ya bushe. Ƙwayar kuwa ba ta san gwiwa ba, ba ta san tumbi ba, duk inda ta sami COX rufe shi take yi. Saboda haka mai shan ibufurofen ko dikulofenak kullum, musamman da wofin ciki, yana kashe ciwo ne yana kuma korar mai gadin tumbinsa, har ta kai ga gyambon ciki, ko amai da jini, ko baƙin bayan gida kamar kwalta. Mai aikin ƙarfi cikin zafin bazara, yana zufa bai sha ruwa sosai ba, ƙodarsa ce ke biyan kuɗin. Haɗa biyu ko uku daga cikinsu a tafin hannu ɗaya, kamar yadda ake ƙulla wa mutane a leda da sunan maganin gajiya, ba ya ninka sauƙi yadda yake ninka haɗari, domin duk ƙofa ɗaya suke rufewa.

Akwai kuma batun jini. Abin nan da Vane da Piper suka gani a 1969, Samuelsson da mutanensa sun gano a 1975 cewa mafi yawansa wani sinadari ne da suka kira turomboksen, wanda ke sa ƙananan ƙwayoyin jini masu toshe rauni su manne da juna. Asfirin yana kashe COX ɗin waɗannan ƙwayoyi kisan da ba tashi, kuma ba sa iya yin sabo, sai dai jiki ya haifi wasu, abin da ke ɗaukar kwana 7 zuwa 10. Wannan ne dalilin da ya sa likita kan rubuta ɗan ƙaramin asfirin, miligiram 75 zuwa 100, ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko wani nau'in shanyewar ɓarin jiki. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ba a ba wanda kububuwa ta sara, tunda dafinta dama hana jini daskarewa yake yi, kuma manoman yankin Dapaong da Mango sun san ta sarai. Haka ma mai zazzaɓin denge, irin wanda ya kashe ɗaruruwan mutane a Burkina Faso a 2023, ba a ba shi asfirin ko ibufurofen. Yaro mai zazzaɓi shi ma ba a ba shi asfirin, mace mai tsohon ciki kuma sai da izinin likita. A irin waɗannan wurare farasitamol ake komawa, wanda Vane da ɗalibinsa Rod Flower suka nuna a 1972 cewa ya fi taɓa furostagilandin na ƙwaƙwalwa, ko da yake shi ma idan aka wuce ƙa'ida hanta yake ci.

A 1973 Vane ya bar koyarwa ya zama shugaban sashen bincike na kamfanin magunguna na Wellcome da ke Beckenham. Wasu abokansa na jami'a sun girgiza kai, suna ganin ya sayar da ilmi ya sayi kasuwa. Bai kula su ba, ya tafi da yaransa, kuma a 1976 ƙungiyar da Moncada, ɗan ƙasar Honduras, yake jagoranta, tare da Ryszard Gryglewski ɗan Folan da Stuart Bunting, ta gano furostasaikilin. Bangon jijiyoyin jini ne ke yin sa daga wannan arakidonik ɗin dai, aikinsa kuwa kishiyar na turomboksen ne, yana buɗe jijiya ya hana jini dunƙulewa. Cikin minti 2 zuwa 3 yake lalacewa, don haka da wuya a ce an gan shi ba don jerin tsokokin nan da ake wa kallon tsohon yayi ba.

A Beckenham ɗin ne kuma aka amsa wata tambaya da ta rage tun 1971. A gwajin niƙaƙƙen huhu, maganin sitiroyid bai yi tasiri ba, alhali kowa ya san ba abin da ya kai shi sauke kumburi. Flower da Geoffrey Blackwell suka bi diddigi, a 1979 suka nuna cewa sitiroyid yana sa ƙwayar halitta mai rai ta ƙera wani sinadari da ke riƙe hannun almakashin nan, fosfolifes. Wato asfirin a tsakiyar hanya yake tare kaya, shi kuwa sitiroyid tun daga sito yake hana su fita. Daga baya an gano yana da wasu hanyoyin da dama ban da wannan. A shekarar 1979 ɗin dai Samuelsson ya bayyana cewa fararen ƙwayoyin jini suna bi da arakidonik ta wata hanya ta daban su yi lukotirayin, mai shaƙe hanyar numfashi. Asfirin ba ya rufe wannan hanya, shi ya sa wasu masu asma ciwonsu kan tashi idan sun sha shi. Ƙarfin sitiroyid shi ne haɗarinsa. Deksametazon da firedinisolon da ake sha barkatai don ciwon gaɓoɓi, ko don ƙiba da sunan sha-ka-fashe, suna kwance wa sojojin jiki ɗamara gaba ɗaya, suna hau da sukari da jini, suna rarake ƙashi, kuma wanda ya daɗe yana sha ba ya dainawa rana ɗaya sai da kulawar likita.

A watan Disamba na 1982 aka miƙa wa Vane da Bergstrom da Samuelsson kyautar Nobel ta fannin likitanci a birnin Stockholm. Kafin nan an zaɓe shi cikin ƙungiyar manyan masanan Ingila a 1974, ya kuma sami kyautar Lasker a 1977. A 1984 Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar Sa. Ya bar Wellcome a 1985, kuma maimakon ya huta, a 1986 ya kafa Cibiyar Bincike ta William Harvey a kwalejin likitanci ta asibitin St Bartholomew da ke Landan, ya ci gaba da tara matasa daga ƙasashe daban-daban. Masanan Folan musamman sun daɗe suna tuna yadda ya riƙa jawo su yana taimaka musu a zamanin da ƙasarsu ke rufe.

Burinsa na ƙarshe shi ne a sami asfirin da ba ya cin ciki. A farkon shekarun 1990 wasu masu bincike a Amurka suka gano cewa COX iri biyu ne: na farko yana nan kullum yana gadin tumbi, na biyu kuwa yakan yawaita ne a wurin kumburi. Vane yana cikin waɗanda suka fi ƙarfafa ra'ayin cewa idan aka rufe na biyu kaɗai, za a sha romo ba tare da ƙona baki ba, kuma ya yi rubuce-rubuce da yawa a kan haka. Kamfanoni suka fito da Celebrex da Vioxx a ƙarshen shekarun 1990, aka yi ta rububinsu, kuma lallai sun fi sauƙi ga tumbi. Sai dai a ranar 30 ga watan Satumba, 2004, kamfanin Merck ya janye Vioxx daga kasuwannin duniya bayan bincike ya nuna yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga masu daɗewa suna sha. Bayanin da masana da yawa suka karɓa shi ne maganin yana rage furostasaikilin mai hana jini dunƙulewa, ya bar turomboksen yana cin karensa ba babbaka. Wato abin da aka gano a ɗakin binciken Vane a 1976 shi ne ya bayyana inda burin nasa ya yi tuntuɓe.

A lokacin da wannan ke faruwa Vane yana fama da jinya, domin a cikin shekarar ya sami karaya a ƙugu da ƙafa, kuma bai sake komawa daidai ba. Ciwon huhu ya biyo baya, ya mutu ranar 19 ga watan Nuwamba, 2004, a wani asibiti da ke Farnborough cikin gundumar Kent, mako 7 bayan janye Vioxx, yana da shekara 77. Ya bar matarsa Daphne da 'ya'ya mata 2, Nikki da Miranda.